Allurar da Na Bari a Bakin Surukina

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, layinmu bai ɗauki mutane ba. Keke napep sun yi jeri tun daga bakin titi har ƙofar masallaci, masu babura daga Maiha da ƙauyukan kan iyaka suna ta neman inda za su jingina. 'Yan tike, wato kasuwar shanu, sun zo da sandunansu, suka zauna a tabarma. Wani dillali da ya shekara talatin yana musu da Baba a kan ciniki shi ya fi kowa kuka, yana share ido da hannun riga. Daga Allah muke, wurinsa muka nufa: kowa ya shigo da wannan kalma, kowa ya fita da ita.

A cikin gida Dada, matarsa, tana ƙuryar ɗaki da carbi, idonta a bushe, domin a gidansu ba a kuka a gaban mutane. Ni ce matar babban ɗansa, aikina ranar raba ruwa da kunu. Ina tsugune ina zuba wa tsofaffi ruwa na ji Goggo, ƙanwar Baba, tana magana da wata baƙuwa.

"Mutum ne," in ji ta. "Tun muna yara ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Da girma ya kama shi sai kunya ta ragu a idonsa. Mutumin da bai taɓa sa goro a baki ba, sai ga shi duk Juma'a a ƙofar matar ɗansa yana tauna goro, ƙas-ƙas, kamar ɗan tasha. Tsufa ne. Allah ya yafe masa."

Tsofaffin suka amsa da amin. Ni kuwa ruwan da nake zubawa ya cika kofi ya malala a tabarma ban sani ba, sai da baƙuwar ta janye ƙafarta.

Saboda wannan magana ta Goggo na ɗauki biro. Shekara shida ina riƙe da wani sirri da Baba ya ɗora mini, kuma da na so in tafi da shi kabari. Amma ba zan zauna ina ji ana cewa kunya ta fita daga idon mutumin da ya fi duk wanda na sani kunya ba. Abin da ya kai shi ƙofata laifina ne, kuma ga yadda aka yi.

Baba Bafulatani ne dogo, siriri, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Shanu ne rayuwarsa. A tike, idan ana gardamar shekarun bijimi, shi ake kira. Sai ya dafa hancin dabbar, ya ɗaga leɓenta da babban yatsa, ya duba haƙora, ya faɗi abin da ya gani, gardama ta ƙare. Yana da wata magana da yake yawan yi wa masu kiwo: "Saniya ba ta cewa wayyo. Tuƙarta ake dubawa. In tana tuƙa, je ka yi barcinka. In ta daina, nemo magani." Shi kansa haƙoransa talatin da biyu cif, ya haura saba'in ko ɗaya bai girgiza ba. Asuwaki ba ya rabuwa da aljihunsa, goro kuwa cewa yake tsatsa ce mutane suke saya da kansu.

Shi ma ba ya cewa wayyo. Maigidana ya ba ni labarin ranar da wani bijimi ya taka masa ƙafa a tike har yatsu biyu suka karye. Bai motsa ba sai da ya gama maganar da yake yi, ya yi sallama da kowa, ya taka zuwa bakin titi. A gida aka yanka takalmin da wuƙa kafin ƙafar ta fita. Duk wanda ya tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce: "Jam." Lafiya ke nan da Fulatanci. Ko wuta ce a jikin rigarsa, jam zai ce maka.

Ni ba Bafulatana ba ce. Iyayena manoma ne daga kudancin Mubi, kuma a gidanmu suruka tana gaishe da suruki ta zauna a yi hira, har ta ce masa ya ƙara tuwo. Da na shigo gidan su Baba sai na tarar da wata duniya. Ba na kiran sunansa, ba ya kiran nawa, sai dai Dokta, don ni likitar haƙori ce. Ba na cin abinci inda zai gani, shi kuwa ko ruwa ba ya sha in ina wurin. In muka yi karo a zaure, ni in tsuguna in kalli ƙasa, shi ya juya ya kalli bango, kamar an ba mu aikin duba ginin. In yana da saƙo, ko ina tsaye a gabansa, sai ya ce wa wanda yake kusa, "A gaya wa Dokta kaza." In babu kowa, iska yake gaya wa. Da fari abin dariya yake ba ni. Daga baya ya shiga jikina har na fi 'ya'yan gidan iyawa.

Kada a ɗauka ƙi ne. Lokacin da Bappa, wansa, ya tashi haiƙan sai na bar aiki, wai ba mutunci ba ne matar gidansu tana sa hannu a bakin maza, Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Ni ma a bakin dabba nake ci. A bar Dokta da aikinta." Ba a sake tayar da zancen ba.

Ina shekara ta tara a gidan Dada ta kira ni ɗakinta. Ta ce kwana biyar ke nan Baba fura kaɗai yake sha, nama kuwa sai ya ture. An tambaye shi, ya ce jam. Amma ta gan shi da asuba yana alwala, da ruwan sanyi ya shiga bakinsa sai da ya dafa bango. A lokacin abokin aikina, wanda da shi zan tura wa, ya tafi kwas na wata uku. Ni kaɗai ce a asibitin haƙorin da nake aiki. Yadda Dada ta shawo kansa, har yau ban sani ba. Washegari maigidana ya kawo shi a mota, ya zauna a waje.

Haƙorin turmi ne na ƙasa, gefen dama. Ya tsage daga sama, ruɓa ta kai ga jijiya. Na ce wa Sista, dattijuwar nas ɗinmu 'yar Vimtim, ta gaya masa hanya biyu ce: a cire, ko a kashe jijiyar a wanke cikin saiwar a cike, haƙorin ya zauna. Baba ya kalli silin ya ce, "A gaya wa Dokta, saniyar da haƙoranta suka fara zuba ta mahauta ce. A gyara."

Ga wanda bai san aikin ba: a cikin kowace saiwar haƙori akwai 'yar hanya siririya inda jijiya take kwance. Da wasu ƙananan allurai masu murɗi muke shiga mu kankare ta, mu wanke, sannan mu toshe. A wurin aiki fayil muke ce musu. Wasu ba su fi gashin jelar saniya kauri ba. Suna son haƙuri, suna son hanya miƙaƙƙiya, kuma suna son mai haƙori ya wangale baki iya ƙarfinsa, musamman in turmin can ciki ne. Duk wannan na sani, na kuma koya wa wasu.

Baba ya buɗe baki kamar mai shan magani, yatsa biyu da ƙyar. Wani ne, da tuni na ce, "Malam, ƙara buɗewa." Sau nawa nake faɗin haka a rana? Na faɗa wa alƙali, na faɗa wa soja. Amma ranar kalmar ta ƙi fitowa. Yaya zan ba surukina umarni? Na kalli Sista don ta faɗa, ita kuma ta juya tana haɗa ruwan wanki. Ga shi ina ganin gumi yana tsattsafo masa a goshi, na san ba zafi ba ne, don na sa wa wurin maganin kashe zafi. Kunya ce take cinsa, ga fuskar matar ɗansa a kan tasa. Sai na ce a raina bari in yi sauri in gama a zama ɗaya, in hutar da shi, in hutar da kaina. Cikin hanyoyi uku da turmin yake da su, na gama biyu lafiya. Ta uku tana da lanƙwasa a ƙasa. Na shigar da allurar a karkace, don bakin bai ba ni fili ba, na ji ta cije, maimakon in ja baya in wanke sai na ƙara murɗawa.

Ba ta yi ƙara ba. A yatsuna na ji, wani ɗan sakin nauyi. Na zaro ta na ɗaga a fitila, na ga tsininta babu.

Sista ta leƙo ta kafaɗata, ta yi ƙasa da murya: "Dokta, ya karye ko?" Na gyaɗa kai. Muka ɗauki hoton cikin haƙorin. Ga shi nan fari fat a can ƙasan saiwa, bayan lanƙwasar, guntun ƙarfe da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

Zan faɗi gaskiya: shaiɗan ya zo mini. Ya ce toshe ki rufe, wa zai sani? Mutumin da ko ƙafarsa ta karye jam yake cewa? Na tsaya riƙe da hoton har Sista ta taɓa ni. Abin da ya hana ni ba jarunta ba ce, tsoro ne da ya fi wancan. Ina ɗaliba na ga wani magidanci da aka kawo, ciwon turmi ya zama mugunya, mugunyar ta gangara ƙarƙashin haɓa. Wuyansa ya kumbura ya yi tauri kamar itace, harshensa ya tasa sama, yana jan numfashi da ƙara. Kwana shida kafin nan yana gonarsa. Bai kai la'asar ba. Fuskar mutumin nan ce ta tsaya mini a jikin hoton.

Na cire ƙyallen bakina, na ɗaga kujerar, na tsuguna a ƙasa. A shekara tara, ranar na fara yi masa magana baki da baki.

"Baba, na yi kuskure. Allurar da nake aiki da ita ta karye, guntunta yana cikin saiwar haƙorinka. Laifina ne."

Ya kalli bango. Sannan ya yi tambayar da na san kowa a garin nan zai yi.

"A tambayi Dokta, allurar tana tafiya?"

Mutanenmu sun yarda cewa allura in ta karye a jiki bin jini take yi har ta soki zuciya. Na ce masa a'a, wannan a matse take cikin haƙori, ba ta da inda za ta, kuma ƙarfen kansa ba dafi ba ne. Matsalar ita ce ta tare hanya. Ɗan abin da ya rage a bayanta ban wanke ba, kuma in ƙazanta ta ruɓe a can, mugunya za ta taru. Na lissafa masa abin da ake yi: a gwada ciro ta, ko a bi ta gefenta a wuce a wanke ƙasan, ko a cike zuwa inda ta tsaya a sa ido, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. Na ce ciro ta daga wannan zurfin sai da madubin da yake ƙara girman abu da wata na'ura mai karkarwa, kuma ba mu da su a nan, sai an je Yola ko gaba.

"A gwada ta gefen," ya ce.

Zama biyu muka yi a kan haka. A zaman farko na ce, "Baba, ƙara buɗewa." Ya buɗe har sai da muƙamuƙinsa ya yi ƙara. Kalma biyu ke nan, da na faɗe su tun ranar da babu wannan rubutu. Na bi da allura mafi siranta, ina lallaɓawa, ina wankewa, ina sake hoto. Ta ƙi wucewa. A zama na biyu na ga na fara cin bangon saiwar, kaɗan ya rage in huda ta, garin gyaran gira a rasa ido. Na ajiye kayan aiki na ce sai dai Yola.

A nan muka yi faɗa, faɗanmu na farko kuma na ƙarshe, Sista tana tsakiya kamar tafinta.

"A tambayi Dokta, in na tafi Yola, me zan ce wa yaran nan ya kai ni?"

"Gaskiya, Baba."

"A gaya wa Dokta, ranar da gidan nan suka ji akwai allura a jikina, ko atishawa na yi ita ce. Ko bayan shekara goma na mutu, ita ce. Bappansu zai ce dama ya faɗa. Ba za ta sake shan ruwa da daɗi a gidan ba."

"To a cire haƙorin."

"Haƙorin da ba ya ciwo?"

Raina ya ɓaci, tsoro ya sa na manta da wa nake magana. Na ce, "Baba, rai ya fi suna!" Sista ta dafe baki. Shi kuwa ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce wa ƙofa, "Rai yana da mai shi. Sunan 'yar mutane kuwa a hannuna aka ba ni. A cike. Maganar nan ta tsaya a kan mutum uku, ko mijinta ban yarda ba."

Na cike zuwa inda guntun ya tsaya, na rufe, na rubuta komai a katinsa yadda aiki ya ce. Na roƙe shi abu biyu: hoto lokaci-lokaci, da kuma ya faɗa mini da zarar ya ji wani abu. Na ce haƙorin da mugunya ta taso a ƙarƙashinsa ko harshe ya taɓa shi sai mutum ya zabura, balle a tauna abu da shi. Hoton ya yarda, sau ɗaya a shekara, da sunan wankin haƙori. Na biyun bai yi mini alkawari ba. Mako biyu in na gaishe shi daga bayan zana ba ya amsawa.

Wata huɗu da suka biyo baya ban san daɗin duniya ba. Duk dabarar sa ido tana kan mai ciwo ya ce yana ciwo, ni kuma mai ciwona Baba ne. Na koma leƙen kumatunsa ta tagar kicin. In ya naɗa rawani har haɓa, sai in ce kumburi yake ɓoyewa. In ya yi tari a zaure, wuƙar da take hannuna sai ta faɗi. Kwanon abincinsa in an fito da shi, ni nake fara buɗewa in ga ko ya taɓa naman. Na dami Dada da tambaya har ta ce, "Ke kam, ko kin fi ni aurensa ne?" Na rame, zobena yana zamewa. Maigidana ya ɗauka ciki ne, yana ta murna, na rasa inda zan sa fuskata. A wurin aiki kuwa in na ɗauki fayil sai tsoro ya kama ni, har na fara tura masu irin wannan aiki wurin abokin aikina da ya dawo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tankaɗe a ƙofar sashenmu, na ji sallamarsa. Baba bai taɓa zuwa wannan ɓangaren gidan ba. Na rasa abin yi, na jawo tabarma na shimfiɗa, na koma gefe na tsuguna. Ya zauna ya ba ni gefen fuskarsa na dama. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da goro, ja, babba. Ya ɓare, ya kai can cikin baki ta dama, ya ciza.

Ƙas.

Ya tauna a hankali, fuskarsa a yamutse, don ɗacin goro bai taɓa yi masa ba. Kunnuwansa har sun yi ja don kunya. Da ya haɗiye ya ce wa bishiyar da take tsakar gida, "A gaya wa Dokta, saniya tana tuƙa." Ya tashi ya tafi.

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da abin ya faru. Ashe yana ganina. Mutumin da yake karanta dabba daga nesa ba zai kasa karanta macen da take ramewa a gidansa ba. Ya san ba zai iya cewa yana ciwo ba, ya san kuma jam ɗinsa ba ta da amfani a wurina. Sai ya nemo abu mafi tauri da dattijo zai iya sawa a aljihu, ya zo ya ci a gaban surukarsa.

Haka muka yi shekara shida, Juma'a ba ta wucewa. Da azumi bayan shan ruwa yake zuwa. In ya yi tafiya, ranar da ya dawo ita ce Juma'armu. Gida aka yi ta gunaguni, Bappa ya yi masa magana, Goggo ta yi, ya ce musu jam. Tsoron bai bar ni ba, amma ya samu ma'auni: daga Juma'a zuwa Talata ina numfashi, Laraba sai gabana ya fara faɗuwa. Akwai ranar da ya zo ya zauna bai sa hannu a aljihu ba. Na jira, na jira, har gumi ya jiƙa mini baya, na fara lissafin motar da za ta kai mu Yola kafin yamma. Can ya ce wa bishiya, "A gaya wa Dokta ana azumin sitta shawwal." Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya dawo bayan magariba da goronsa.

Hotunan shekara-shekara duk suna fitowa lafiya, ƙashin da yake kewaye da saiwar bai canza ba. Ilimina yana ce mini ki kwantar da hankali. Zuciyata kuwa sai ta ji ƙas take yarda.

A damunar da ta wuce ƙafafunsa suka fara kumbura. Kafin ya yarda a kai shi asibiti abin ya yi nisa, aka ce ƙoda ce. Ranar da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi na ga fuskarsa, sai da na kama ƙarfen gado. Ta kumbura, idanunsa sun shige, ƙarƙashin haɓarsa ya cika. Magidancin nan na zamanin karatuna na gani kwance. Na ja likitan da yake duba shi gefe, na karya alkawari na gaya masa komai. Ya saurare ni, ya je ya duba, ya dawo ya ce ruwa ne ya taru a jiki, kumburin ko'ina ne, kuma da laushi, babu zazzaɓi, ba na haƙori ba ne. Ni ma da ɗaliba ta kawo mini wannan tambaya, amsar da zan ba ta ke nan. Amma kwana huɗu ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin nan ina kallon gefen damansa, ina ganin kamar ya fi na hagu tashi. Ɗakin kullum cike da dangi, ba ni da hujjar da zan ce a buɗe mini bakinsa. Abinci ba ya wuce masa, ni ma ba ya wuce mini. Abu ɗaya nake ta faɗa a raina, ko a sujada: na kashe shi, a hankali na kashe shi, da kalma biyu da na kasa faɗa.

Ranar Juma'a da hantsi ya buɗe ido ya yi magana. Dada ta sunkuya, ta ɗago tana mamaki.

"Wai goro yake so. Mutumin da kwana huɗu ko kunu bai karɓa ba?"

Bappa ya ce a rabu da shi, zafin ciwo ne. Baba ya sake faɗa, a karo na biyu da ƙarfi. Maigidana ya fita bakin asibiti ya sayo. Baba ba shi da ƙarfin ɓarewa, Dada ta ɓare masa. Ya juyo da kansa a kan matashi, da ƙyar, har sai da gefen damansa ya fuskanci ƙofar da nake tsaye. Ya kai goron can ciki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, yana tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ƙas.

Ya tauna sau uku. Bai iya haɗiyewa ba, Dada ta tara masa kwano. Ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. Sannan ya buɗe kumburarrun idanun nan, ya kalle ni, ni ɗin kaina, a gaban wansa da matarsa da ɗansa.

"Dokta. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Ba naki ba ne, 'yata. Wannan nawa ne, daga wurin mai shi."

Babu wanda ya gane abin da yake nufi. Goggo ta ce ya fara sambatu. Ranar Lahadi bayan la'asar ya cika.

Bayan addu'ar uku na zaunar da maigidana da Dada na gaya musu. Maigidana ya fita ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo idonsa ja, ya zauna kusa da ni. Dada ta ja carbinta ta ce, "Na san mutumin da ya ƙi goro shekara saba'in ba zai fara shi a banza ba. Ban tambaya ba ne." Goggo ba ta karatun boko, amma na sa a karanta mata wannan daga farko har ƙarshe. Abin da Bappa zai ce in ya ji, ya faɗa, na shirya.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da haƙoransa talatin da biyu, ɗaya da guntun ƙarfena a ciki. Ya rufa mini asiri shekara shida, ya sayar da kunyarsa don in samu barci. Ka rufa masa nasa asirin ranar da babu mai rufawa sai kai, ka yalwata masa kabari, ka ba Dada da mu haƙurin rashinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa addu'a, kuma in ya ji ana zancen dattijon da ya zubar da girma a ƙofar surukarsa, ya gyara wa mai faɗa.

Jiya wani tsoho mai rawani ya zauna a kujerata, turmin ƙasa, gefen dama. Ya buɗe baki yatsa biyu. Na ajiye fayil ɗin, na kalle shi a ido, na ce, "Baba, ƙara buɗewa."